Jinjina ga Masu Zama da Marubuci

Akwai wasu mutane da ba a cika ganin sunansu a bangon littafi ba, amma da hannunsu a kowane shafi. Su ne waɗanda ke zama da sabon marubuci ko ɗalibi mai rubuta kundin digiri, su bi aikinsa layi-layi da jan biro.

Wannan hidima ba yau ta fara ba. Bayan gasar rubutun zube ta 1933, Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya lura da hazaƙar wani matashin malamin makaranta a Katsina, Abubakar Imam. Ya jawo shi kusa, suka yi ta aiki tare, yana nuna masa yadda ake gina labari. Daga wannan zama littafin Magana Jari Ce ya fito, kuma a 1939 Imam ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Gwanin wannan aiki, a ganina, da tambaya yake farawa: me kake son faɗi, wa kake rubuta wa? Sai ya karɓi shafi biyu ko uku kawai, ya nuna inda hujja ta yi rauni, inda aka ɗauko maganar wani ba a ambace shi ba. Ƙa'idojin rubutu, irin su raba kalma da haɗe ta, sai daga baya. Kuma ba ya rubuta wa ɗalibi ko sakin layi ɗaya, duk da cewa masu sayar da kundi gamamme sun cika bakin jami'o'i.

Yawancin masu zama da marubuci a zaure ko ta WhatsApp suke wannan aiki, bayan sallar isha'i, ba ko sisi. Allah ya saka musu da alheri.