Wayar Birkin Keke da Ƙungiyar Mdou Moctar

Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, Buzu ne ɗan Jamhuriyar Nijar, kuma da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko. Ya tashi a gidan da ba a maraba da kiɗa, balle a ba yaro kuɗin sayen jita. Da ya ga Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin manyan makaɗan jitar Buzaye, yana wasa, sai ya nemo katako da wayar birkin keke da mabuɗin gwangwanin kifi.

Kowanne da aikinsa. Katakon shi ne gangar jiki, wayar kuma tsirkiya. Akan ɗaure bakinta ɗaya a gindin katako, a ɗora ta bisa jaki, wato ɗan itacen da ke ɗaga tsirkiya kada ta kwanta muryarta ta mutu, sannan a naɗe ɗaya bakin a jikin mabuɗin. A nan dabarar take. In ka murɗa mabuɗin, waya ta ɗame, murya ta hau. In ka sassauta, ta sauko. Babu na'urar da za ta ce maka ya isa, kunnenka ne alƙali. Wayar birki kuwa ba ta da tausayi, sai yatsu sun yi kanta kafin ta ba ka sauti mai tsabta. Gwangwanin kifi dai ba baƙo ba ne a kiɗan Bahaushe, don da shi ake yin ƙoƙon kuntigi, abin kiɗan Ɗan Maraya Jos.

Mdou bahago ne, da hagu yake kaɗawa, dama ke danne tsirkiya. Abin da ya fi burge ni shi ne aikin hannun daman nan. Yakan kaɗa tsirkiya sau ɗaya, sai yatsa ya faɗa mata da ƙarfi, wani ya fizge ta yayin ɗagawa, bugu ɗaya ya haifi sauti uku ko huɗu a jere. Mai sauraro zai rantse hannu biyu ne ke kaɗawa.

A 2008 ya zo Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, da irin gyaran muryar kwamfuta na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, har Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya sa ɗaya a kundin Music from Saharan Cellphones na 2011.

Amma ƙungiyarsa a gidan biki ta nuna, musamman bukukuwan Agadas. A tada janareto, a jona lasifika, a yi ta kiɗa sa'o'i cikin ƙura, masu rawa na shiga fili suna fita. Wanda ya taɓa tsayawa wurin kalangu a bikin Gwarzo ko Kabo ya san ido na kan uban kiɗi, alhali mai kuntukuru, ƙaramar gangar da ke riƙe taki, shi ne ba ya da damar kuskure. Wannan matsayi Ahmoudou Madassane ya riƙe da jita ta biyu: salo ɗaya yake maimaitawa, ba ƙari ba ragi, don Mdou ya yi nisa ya dawo ya tarar da takin inda ya bar shi. Aiki ne da ba a yi wa tafi, shi ya sa mai son suna da gaggawa ba ya jure masa. Souleymane Ibrahim, mai ganguna, yana ƙara sauri kaɗan-kaɗan yadda mai rawa ba zai ankara ba sai ya ji gumi. Shi kuwa Mikey Coltun, Ba'amurke, ya shigo da jita mai kaurin murya, wadda ke cike gurbin da ke tsakanin ganga da sauran jitoci.

Ƙungiyar ta naɗi Ilana a Detroit ta Amurka, faifan da ya fito a 2019, sannan Afrique Victime ya biyo baya a 2021 ta hannun kamfanin Matador.