Gari Guda, Littafi Guda: Ra'ayi Kan Wata Al'adar Laburarorin Amurka

A ƙasashen da sanyi yake tsananta, idan watan Satumba ya kama, yini ya soma gajarta, ɗalibai suka koma makaranta, masu ɗab'i kuma suka fito da manyan littattafan shekara, a nan ne ma'aikatan laburaren jama'a suke liƙa jerin littattafan da suke yi wa mutane nasiha su karanta a cikin kaka, su kuma tsara majalisun da za a zauna a tattauna su. Wannan al'ada ta daɗe, amma a ƙarshen ƙarnin da ya wuce ta haifi wata sabuwa wadda ta cancanci a yi mata nazari, wato a bar dogon jeri, a zaɓi littafi guda tak, a kira mutanen gari baki ɗaya su karanta shi a lokaci ɗaya.

Asalin abin daga birnin Siyatil ne a 1998, inda wata ma'aikaciyar laburare, Nancy Pearl, da abokan aikinta suka zaɓi The Sweet Hereafter na Russell Banks, ƙissar wani ƙaramin gari da ya rasa 'ya'yansa a hatsarin motar makaranta. Amma tsarin bai shahara sosai ba sai da Shikago ta ɗauke shi a kakar 2001, ta fara da To Kill a Mockingbird na Harper Lee, wanda aka buga tun 1960, labarin wani lauya farar fata da ya tsaya wa wani baƙar fata da aka yi wa ƙazafi a jihar Alabama. Laburare yakan tanadi kwafi masu yawa ya rarraba a rassansa, a buga ɗan littafin jagora mai ɗauke da tambayoyi, sa'an nan a sa ranakun zama a unguwanni. Duk wanda ya san yadda launin fata ya raba unguwannin Shikago zai gane cewa zaɓen wannan littafi ba don nishaɗi kawai aka yi shi ba.

Ba kowa ne ya yi na'am ba. Shahararren mai sharhin adabi Harold Bloom ya nuna ƙyamarsa ga karatun taron dangi, bisa hujjar cewa karatu sha'ani ne na mutum da ransa, ba abin da za a yi wa shela ba ne. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin babu mai iya karanta wa wani littafi a cikin zuciyarsa. Amma a ganina ya riƙi rabin al'amari ya saki rabi. Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin cewa muɗala'a da muzakara ba kishiyoyi ba ne: almajiri yakan duba darasinsa shi kaɗai da dare, ya wayi gari ya kai abin da ya fahimta gaban malami da 'yan'uwansa, a gyara masa inda ya karkace, shi ma ya buɗe wa wani inda ya shige masa duhu. Wanda ya karanta shi kaɗai bai taɓa jin saɓanin fahimtarsa ba, sau da yawa yakan ɗauki zatonsa yaƙini ne.

Inda nake da tsoro wani wuri ne daban, kuma abu biyu ne. Na farko shi ne zaɓe. Shawarar ma'aikacin laburare amana ce, kuma darajarta tana cikin cewa shi ya karanta littafin, ya auna shi, ya yarda ya jingina sunansa gare shi. To idan aka miƙa wannan amana ga kwamiti mai wakilai da yawa, kowa yana tsoron kada a ɓata wa jama'arsa rai, sai a wayi gari ana neman littafin da ba zai dami kowa ba, alhali kuwa littafin da bai dami kowa ba da wuya ya amfani kowa. Abin da ya faru a birnin Niyok a 2002 ya isa izina, domin masu zaɓe sun rabu tsakanin Native Speaker na Chang-rae Lee da The Color of Water na James McBride, ihtilafi ya yi tsawo har haɗin kan da ake nema ya wargaje tun ba a buɗe shafi ba.

Na biyu shi ne yawan shagulgulan da ake kewaye littafin da su, na majigi da kiɗa da wasan kwaikwayo da yawon zaga gari. Ba na ƙin ko ɗaya daga cikinsu matuƙar ya zama wasila zuwa ga littafin. Amma idan mutum ya halarci taro biyar ya koma gida yana jin ya sauke nauyi, littafin kuwa yana nan bai wuce babi na farko ba, to an mai da wasila ta zama manufa, kuma ƙidayar mahalarta ba za ta taɓa bayyana wannan hasara ba.

Tun da karanta littafin shi ne manufa, ina ganin Shikago ta fi kusa da daidai a ranar da ta soke tarar jinkirin mai da littafi a watan Oktoba na 2019, domin babu ma'ana a gayyaci gari karatu alhali an tsare talaka a ƙofa saboda bashin 'yan daloli. Al'adar tana da maslaha, kuma ina goyon bayanta bisa sharaɗi uku: mai zaɓe ya kasance ya karanta kuma ba ya tsoron muhawara, littafin ya isa hannun mai kuɗi da marar shi, majalisa kuwa ta zo bayan karatu, kada ta maye gurbinsa.