Labarin da Ya Isa a Miƙa wa Wani

A shekarar 2016 Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar gajerun labarai domin mata, aka sa mata suna Hikayata. Labarin da ya zo na fari a shekarar nan shi ne Sansani, na Aisha Muhammad Sabitu, a kan mutanen da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu. Daga nan gasar ta zama babbar kasuwar gajeren labari a harshen Hausa, har a 2022 Amira Souley ta Maraɗi ta ci da labarinta Garar Biki. Labarai sun yi yawa ke nan, mai karatu kuwa ba shi da lokacin bin su duka. Sai ya dogara ga wanda zai ce masa, karanta wannan, bar wancan.

In aka tambayi mutane dalilin da ya sa suka yaba wani labari, amsar da aka fi ji ita ce, yana da darasi. Amsar ba ta da laifi, amma ba ta isa ba. Gama darasi abu ne mai araha, kowace tsohuwa a bakin murhu tana da kwando guda. Abin da ke da wuya shi ne marubuci ya sa mutum ya zauna har ƙarshe. Abubakar Imam ya san wannan sa'ad da ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. A littafi na ɗaya aku yana ba Musa ɗan sarki labarai ne domin ya hana shi fita ya bi sawun mayaƙa. Da labarin aku ya yi sanyi dare ɗaya, da yaron ya hau doki ya tafi. Akwai hikima cikin labaran nan, amma aikinsu na fari shi ne su riƙe saurayi mai zafin jini a kan shimfiɗa har gari ya waye.

Rai da Cuta, na Maryam Umar, wanda ya ci gasar 2020, misali ne mai kyau. Mace ce mai juna biyu, mijinta ya komo daga tafiya da alamun cutar korona, ya ƙi yarda cewa akwai ta. Iyakar kayan labarin ke nan: gida ɗaya, mutum biyu, da taurin kai. Annobar ta lafa, jama'a sun ajiye takunkumi, amma irin wannan miji yana nan a kowace unguwa, yau a kan allurar yara, gobe a kan kai mace asibiti sa'ad da naƙuda ta yi tsawo. Saboda haka har yanzu ana iya miƙa wa wani labarin ba tare da jin kunya ba.

Masu kwaikwayo kuwa sun ɗauki abin ta wata fuska. Sun lura cewa labaran da ke cin gasa yawanci na baƙin ciki ne, sai suka ɗauka baƙin cikin ne ke ci. Mai duba abin da ke yawo a Facebook da WhatsApp zai sadu da yarinya guda wadda cikin kalmomi 1,500 ta yi maraici, aka yi mata auren dole, kishiya ta kai sunanta wurin boka, ta kamu da yoyon fitsari, aka sake ta, ta mutu. Kowace ɗaya cikin masifun nan gaskiya ce, akwai matan da ke ɗauke da ita. Amma da aka jibga su wuri ɗaya, babu wadda ta sami sararin da za ta taɓa zuciya, kamar jakin da aka yi wa lodi har ba a ganin kunnuwansa. Mafi muni, miyagun cikin labaran ba su da dalili. Uwar miji muguwa ce tun daga layin fari, don kawai ita uwar miji ce. Ba a nuna tsoron da take ji na rasa ɗan da ke ciyar da ita ba, ba a nuna cewa ita ma an taɓa kawo ta gidan nan tana amarya ba. Uwar mijin da ta ji irin wannan labari ba za ta ga kanta a ciki ba, sai ta ce da wata ake. Sa'an nan a ƙarshe marubuciya ta fito fili da sakin layi na nasiha, kamar ba ta amince mai karatu yana da hankali ba.

Akwai kuma ma'aunin kunne, wanda ya fi muhimmanci a Nijar. Ko da yake a 2025 an mai da Hausa harshen ƙasa, yawancin waɗanda suka shiga makaranta da Faransanci suka koyi karatu, mutane da yawa kuma ta rediyo da wayar hannu suka san labaran Hikayata. Wanda zai yaba labari, ya fara karanta shafi guda da babbar murya. In numfashinsa ya ƙare jimla ba ta ƙare ba, ko ya ji mai tallar fura tana magana kamar mai karanta labarun duniya, to marubucin bai saurari mutanensa ba. Wani lokaci ma ana jin Turanci yana motsi a ƙarƙashin Hausar, kalmomin Hausa ne amma ginin na wani ne. Dattijuwar da ba ta taɓa riƙe littafi ba takan gane wannan kafin malamin makaranta ya gane, sai a ga ta tashi ta koma ga tukunyarta tun ba a kai tsakiyar labarin ba.