Jinjina ga Manoman Nebbiolo

Ko wanda bai taɓa kai giya bakinsa ba, in dai ya san wahalar noma, zai sara wa manoman tuddan Langhe da ke yankin Piedmont, a arewa maso yammacin Italiya. Inabinsu, Nebbiolo, akwai taurin kai. Yana riga sauran inabi toho, sanyin ƙarshen hunturu ya yi ta yi masa barazana, sannan ya ƙi nuna sai cikin Oktoba, lokacin da hazo ya lulluɓe kwaruruka. Shi ya sa ake ware masa gangaren da ke kallon kudu, inda rana ta fi zama, a bi shi layi-layi ana tsinka da hannu.

Daga wannan inabi kaɗai ake yin jar giyar Barolo, kuma ƙauyuka 11 ne kawai ke da izinin sa mata wannan suna. Doka ta hana sayar da ita sai ta yi wata 38 a ajiye, 18 daga ciki a gangar katako. Mai lambar Riserva kuwa sai wata 62. Manomi ya zuba kuɗinsa, ya haɗiye yawu fiye da shekara uku bai ga ko sisi ba!

In giyar tana sabuwa, baurinta na kama harshe kamar ɗanyen goro. Shekaru ne ke lallashinta, launin ya koɗe ya koma na jan bulo, ƙamshin busasshen fure da na kwalta su fito. A 2014 hukumar UNESCO ta sa gonakin cikin wuraren tarihi na duniya, kuma a ganina sun cancanta.