Tiyatar tumbin da ya haura ƙirji: ƙanƙantar huji ba ita ce warkewa ba

Idan an yi maka wannan tiyata, ko wani naka na shirin yi, wataƙila ka ji ana cewa "ai ɗan huji ne kawai, sati biyu ka miƙe, ka rabu da magani ke nan." Maganar na da daɗin ji, amma rabinta ne gaskiya, kuma rabin da aka ɓoye shi ke mayar da mutane asibiti.

Ga yadda abin yake. Akwai tantanin tsoka da ya raba ƙirji da ciki, yana da ƙofar da bututun abinci ke ratsawa. Idan ƙofar ta saki, sai saman tumbi ya tura zuwa ƙirji, ruwan tsami ya riƙa tasowa, ƙwannafi ya addabi mutum. Likitoci na kiran wannan hayatal haniya. A tiyata ana jawo tumbin ƙasa, a tsuke ƙofar da ɗinki, sannan a naɗe saman tumbin a gindin bututun. Likita Rudolf Nissen ne ya bayyana wannan naɗi a 1956, a 1991 kuma aka fara yin sa ta ƙananan huji da kyamara.

To, a nan gizo ke saƙar. Hujin fata ya ƙanƙance, amma aikin da ke ciki bai ragu ba. Wurin naɗin kan kumbura na makonni, shi ya sa loma ke tsayawa a ƙirji, gyatsa ta gagara, ciki ya cika da iska. Ɗinkin kuma yana jikin tsokar da ke motsi da kowane numfashi. Ka ɗauki jarkar ruwa ko ka yi ta yunƙurin amai, matsin a kansa yake sauka.

Batun rabuwa da magani fa? Binciken da mujallar JAMA ta wallafa a 2001 ya bibiyi masu ciwon tasowar ruwan tsami a Amurka kimanin shekara 10: kashi 62 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata suna shan magani akai-akai. Binciken LOTUS na 2011, mai mutum 554 a Turai, ya nuna bayan shekara 5 kashi 11 na waɗanda aka yi wa aiki na fama da wahalar haɗiya, kashi 40 da kumburin ciki. A masu shan magani kuwa, 5 ne da 28.

Kada ka ɗauka tiyatar ba ta da amfani. A wannan binciken dai, kashi 2 kacal na 'yan tiyata ne abin cikinsu ke dawowa baki, masu magani kuwa 13. Wanda tumbinsa ya murɗe a ƙirji ma, tiyata ce ke ceton ransa. Abin zargin shi ne alƙawarin da ya wuce hujja, da sallamar majinyaci ba tare da an zaunar da shi an yi masa bayani ba.

Mu ma 'yan dubiya da namu laifin. Kwana uku da aiki sai a zo da tsire, ana "daure ka ci ka samu ƙarfi." Farkon kwanaki na ruwa-ruwa ne: romo, kunu, koko. Daga nan abinci mai laushi, kaɗan-kaɗan, a tauna sosai. Burodi, kilishi, babbar lomar tuwo da lemon kwalba mai gas su jira izinin likita, galibi mako 4 zuwa 6. Kaya mai nauyi ma haka.

Zazzaɓi, ciwon ƙirji mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, ko yawu ya ƙi haɗiyuwa, ba na jiran ranar komawa ba ne, a tafi asibiti nan take. Kafin ka sa hannu a takardar aiki kuma, ka tambayi likitanka: wane irin naɗi za a yi mini, me zan ci mako-mako, idan ciwon ya dawo me za a yi?