Labarin da Ba Shi da Ƙurunƙus

Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Bodinga da Shagari bayan sallar lisha, zai ga samari zaune wurin mai shayi, kowa da haske a tafin hannunsa, ba mai ce wa wani uffan. Kallo suke yi, amma ba irin na iyayensu ba.

A zamanin da, in motar majigi ta sauka gari, akan kafa farin ƙyalle a fili, yaro da babba su taru. Da aka fitar da Turmin Danya a Kano cikin 1990, kallo ya koma kaset, amma duk da haka taruwa ake yi. Tashar Arewa24, wadda aka buɗe cikin 2014, ita ta saba wa jama'a da wasa mai dogon zango, irin su Daɗin Kowa. Sa'an nan cikin 2020 Izzar So ya fito a YouTube, kallo ya zama na mutum ɗaya da wayarsa.

Lalle wasannin nan ba su rasa abin yabo ba. Da Hausa ake yin su, kuma halinmu suke nunawa. Izzar So ya nuna munin wulakanta na ƙasa, Labarina na Aminu Saira kuwa ya nuna gwaninta wajen tsara zance da ɗaukar hoto.

Amma fa akwai aibi. Masu wasa suna samun kuɗi ta talla, tallan kuwa yawan masu kallo yake bi. Saboda haka akan ja labari kamar ƙaro, a yanke shi daidai inda rai ya tashi, domin a dawo mako mai zuwa. Tatsuniya takan kai ƙurunƙus, Gizo ya ga sakamakon aikinsa, yara su kwana da darasi. Yaron da ke jiran ƙarshen wasa shekara da shekaru, jira kaɗai ya koya. Ga shi kuma ba tsoho kusa da zai ce masa wannan daidai, wancan kuskure.

Maganin ba ƙwace waya ba ne, gama zamani riga ne. Uban da ya yi yaƙi da jahilci, ya zauna da ɗansa su kalla tare, ya sa shi ya maimaita labarin da bakinsa, ya tambaye shi wa ya yi gaskiya. Ƙurunƙus ɗin da masu wasa suka hana, a gida za a samo shi.