Taliya da Romon Naman Sa a Wani Lungun Taipei

A lungunan Taipei, babban birnin Taiwan, akwai ƙananan shagunan abinci da suka tsaya kan girki guda: taliya cikin romon naman sa, wadda suke kira niu rou mian. Wanda ya ja hankalina na wasu Musulmi ne, 'yan tebura kaɗan da tukunya mai tururi a bakin ƙofa. Takarda ake miƙo maka da fensir, ka yi alama a kan abin da kake so: taliya mai faɗi ko siririya, tsoka zalla ko rabi tsoka rabi jijiya. Shawarata, ka ɗauki rabi da rabi.

Romon shi ne komai. Ja ne mai duhu, da ɗan maiƙo yana yawo a sama, kuma tun kurɓar farko za ka san ƙashi ya daɗe a kan wuta. Citta da tafarnuwa ne ke fara gaisawa da harshe, sai gishirin ruwan waken suya, daga baya yajin ya taso a hankali ya zauna a maƙogwaro ba tare da ya sa hawaye ba. Naman na ƙwauri ne, an yanka shi manya-manya, ya yi laushi amma bai watse ba. Jijiyar kuwa ta dahu har haske na ratsa ta, tana rawa a cokali, tana narkewa a baki. Mai son farfesun ƙafar sa ba zai ji baƙunci a nan ba. A kan kowane tebur akwai kwanon yankakken ganye mai tsami. Cokali ɗaya ya isa ya karya maiƙon.

Abin sha'awa, wannan abinci bai daɗe a tsibirin Taiwan ba. Manoman Taiwan na da ba sa cin naman shanu, domin su ke yi musu huɗa, kuma shinkafa ce cimarsu. A 1949 sojojin Chiang Kai-shek suka tsallako daga babban yankin Sin da iyalansu bayan sun sha kaye a yaƙin basasa. Yawanci ana danganta jan romon da 'yan lardin Sichuan da suka zauna a Gangshan, wajen Kaohsiung, suna kwaɓa barkono da wake irin na garinsu. Garin alkama na tallafin Amurka ya wadata a shekarun 1950, taliya ta yi araha. Musulmin da suka zo tare da su an fi sanin su da farin romo marar yaji. Yau Taipei har bikin gasar wannan girki take yi, tun 2005.

Inda shagon ya gaza shi ne taliyar. Siririyar tana saurin jiƙewa, kafin ka kai rabin kwano ta saki jiki. Mai faɗin ta fi riƙe kanta. Soyayyar awarar da aka kawo a gefe ma ta huce.

Duk da haka romon ya biya kuɗinsa. Idan Allah ya kai ka Taipei, ka nemi shago mai shaidar halal, domin wurare da dama suna zuba giyar shinkafa a jan romo. Ka nemi taliya mai faɗi, kuma ka fara da kurɓar romon kafin ka taɓa yaji.